Tsohon da Bai Tsaya wa Tuta Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin albasa ne a fadamar Bakura tun ina yaro. Da tsufa ya zo, yanar ido ta riƙa rufe masa gani sannu a hankali, har ya kai ba ya bambanta mutum da turmi sai an yi magana. Ya daina zuwa fadama. Yakan wuni a zaure yana sauraron takun masu wucewa yana faɗin ko su wane ne, in ya kuskure ya ce ai su ne suka sauya tafiya.

Ana nan sai wani abokinsa na Damri, wanda ya fi shi rashin gani, ya tafi wani asibitin ido a Nijar, ya dawo yana zura zare a allura a gaban jama'a. Daga ranar Kawu ya kafe. Aka ce masa akwai likitocin ido a Gusau da Sakkwato, ya ce ya ji, amma hannun da ya taɓa idon mutumin Damri shi zai taɓa nasa. 'Ya'yansa maza suna kudu wajen nema, don haka rakiyar ta faɗo kaina. Da ma a gidanmu duk aikin da ke da jira ni ake ba.

Ranar tafiya Inna, mahaifiyata, ta kama hannun yayanta ta sa a cikin nawa.

"Ga shi nan," in ji ta. "Yadda na ba ka shi, haka za ka maido min shi. Ka san halinshi, ƙahwa gare shi."

Kawu ya ce, "Ni da ban ganin gabana, ina za ni?"

"Ba yau nike tsoro ba. Ranar da za ka gani nike tsoro."

Ya kamata in faɗi yadda nake da masu kaki. Har na yi furfura ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, kuma ina alfahari da haka. Ba wanda ya taɓa yi mini komai a cikinsu. Kawai dai tun muna yara da su ake ba mu tsoro in mun ƙi shan magani, ni kuwa abin bai sake ni ba. In na hango kaki a wannan gefen titi, nakan tuna ina da wata buƙata a wancan gefen. A lokacin ma ban shiga ajin manya na yamma ba, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu. Katin shaidata, hotona kaɗai na sani a jikinsa.

Muka hau mota a Talata Mafara zuwa Sakkwato, daga can Illela, muka tsallaka Ƙonni. Ni ne idon Kawu a hanya. Kowane tsayawa sai ya zungure ni ya ce, "Mi aka yi?" ni kuma in ba shi labari.

A shingen farko bayan Ƙonni wani ɗan sanda ya zo gefen direba. Abin da ya fara yi shi ne ya sara masa, sannan ya gaishe mu da Hausa irin tamu, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Sai ya miƙa hannu kowa ya ba shi kati. Ya koma ƙarƙashin rumfa yana kira ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya sauka ya karɓi nasa. Da aka zo kan Kawu na yunƙura zan kama shi mu sauka, ɗan sandan ya ɗaga hannu ya ce a bar tsoho. Ya taso da kansa, ya dubi hoto ya dubi fuska, ya sa katin a tafin Kawu ya naɗe masa yatsu a kai.

"Allah shi ba da lahiya, Baba."

Da muka tashi Kawu ya ce, "Wanga ɗan wa na? Shina da ladabi."

"Ɗan sanda ne, Kawu."

"To Allah shi yi wa uwarshi albarka."

Amma ladabin bai hana su aikinsu ba. Akwai wani ɗan kasuwa a motar da ba shi da kati. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ambaci mutanen da ya sani a garin. Ba wanda ya daka masa tsawa. An dai sauke masa buhunsa a hankali, aka nuna masa benci, motarmu ta tafi ta bar shi. Ganin haka na karɓi katin Kawu na haɗa da nawa, na sa a aljihun ciki na maƙale bakinsa da fil.

Garin da asibitin yake titi ɗaya ne ya ratsa shi. Asibiti yana gabas, tasha da kasuwa suna yamma, ofishin 'yan sanda yana tsakiya, da gajeren bango da bishiyar dogon yaro da wani dogon ƙarfe na tuta. Daura da shi akwai teburin mai shayi. Muka kama ɗaki kusa da asibiti, cikin ɗakunan da ake ba masu jinya. Aka duba Kawu, aka yi masa aikin ido ɗaya, aka rufe da auduga, aka ce gobe da hantsi a buɗe.

Washegari da safe na fita nemo masa shayi da irin dogon burodin nan nasu mai tauri. Ranar kasuwar garin ce, titi ya fara cika. Na kusa teburin mai shayi ke nan sai na ji an busa usur, busa mai tsawo. Nan take titin ya mutu. Mai kabu-kabu ya taka burki ya sauke ƙafa. Wata mata da tiren ƙosai a ka ta tsaya cak. Mai amalanke ya tsayar da jakinsa. Mai shayi da ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ya ajiye su duka biyu.

A wajenmu, in titi ya yi tsit haka lokaci guda, ba alheri ba ne, mai hankali lungu yake nema. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri, ina ratsa mutane ina mamakin yadda tsoro ya daskarar da su. Ban kai lungun ba aka sake busa usur, komai ya ci gaba kamar ba a yi ba. Sai wata murya ta ce, "Kai, mai shuɗiyar riga. Zaka nan."

Wani dogon ɗan sanda ne, baƙi siriri, yana tsaye a ƙofar ofishin. Na je gabansa.

"Daga Najeriya," in ji shi. Ba tambaya ba ce.

"E, Yallaɓai." Na fara kokawa da fil ɗin aljihu.

"Bar katinka. Na sani tun daga nesa. Ku kaɗai ne in an busa usur kuke ƙara mai." Ya nuna sama da haɓa. Tuta tana kaɗawa a kan ƙarfen, ruwan goro da fari da kore. "Sahe da marece, in za ta hau ko za ta sauka, duk wanda ke kusa tsayawa shike yi. Babba da yaro. Jakin can ma ka ga ya tsaya."

"Wallahi ban sani ba, Yallaɓai. Na ɗauka wani abu ne ya faru."

"Ya hwaru mana. Tuta ta hau." Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa yana motsi. "Tsayuwar da ba ka yi tare da mutane ba, yi ta kai kaɗai."

Na tsaya a gindin bango, hannuwa a gefe, ina kallon tutar ƙasar da ba tawa ba, mai shayi yana dariya har yana dafa tebur. Ba a jima ba dogon ya tambayi abin da ya kawo ni garin. Na faɗa masa. Ya ce Allah ya sa a dace, in tafi kada tsoho ya gaji da jira. Mai shayi ya cika mini kwano har baki, ya ce ni na yi ƙoƙari, wani da ya zo daga wajenmu kwanan baya da gudu ya faɗa masallaci da takalmansa. Da na koma ɗaki ban ba Kawu wannan labari ba. Na san in ya ji, sai an ji shi a Maradun.

Da hantsi aka cire audugar. Kawu ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi ma'aikaciyar jinya, sannan ya juyo ya daɗe yana kallona.

"Wa na wanga?"

"Ni ne, Kawu."

"Kai ne? Yaushe ka yi hurhura haka? Ni yaro na bari."

Ya ɗaga hannuwansa yana juya su, yana duba farce ɗaya ɗaya.

Likita ya ba mu baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ya ja mana kunne sosai. Idon ɗanye ne. Ban da rana, ban da murzawa, ban da cunkoson jama'a, don in wani abu ya faɗa ciki ko aka buge shi aikin zai iya lalacewa. Ya ce kuma da duhu ganin ba abin dogaro ba ne tukuna. Kawu yana ta gyaɗa kai, idonsa kuwa yana kan wata tsattsewa da ke shawagi a bakin taga.

Bayan azahar na ɗiga masa magani, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, har da minshari. Na ce bari in yi amfani da barcin nan in je tasha in kama mana wuri a motar safe. Da na dawo wajen la'asar, tabarma tana nan, sanda tana jingine, tabarau yana kan matashi. Takalmansa ne babu.

Na duba masallaci, na duba makewayi, na koma asibiti. Daga nan na faɗa kasuwa. Tsofaffi masu farar riga da farar hula sun fi a ƙirga, na kama hannun riga ban san sau nawa ba ina ba da haƙuri. Abin da ya ƙara mini ciwon kai shi ne kowa ya gan shi. Mai tumatir ta ce wani tsoho ya tsaya yana tambayarta ko da ma haka tumatir yake da ja. Mai atamfa ya ce ya sa an warware masa turmi uku bai sayi ko ɗaya ba. Wani mai gyaran keke ya ce ya leƙa madubi ya gaishe da kansa. Kowa ya gan shi ɗazu, ba wanda ya san inda ya nufa.

Rana ta fara sunkuyawa. Motocin ƙauye suna ta lodi suna fita. Na dafa aljihu na ji kati biyu, sai ɗan kasuwan nan da buhunsa a kan benci ya faɗo mini a rai. Ga tsoho a ƙasar mutane, ba kati, ba waya, ba sanda, da ɗanyen ido a buɗe, lokacin magani ya wuce, duhu yana tafe. Na ji hannun Inna a kan nawa kamar yanzu ta ɗora shi.

Na zube a bencin mai shayi na faɗa masa. Ya nuna tsallaken titi da cokali.

"Tahi wurin dogon naka."

"Ni in kai kaina?"

"To wa ka sani da ya hi shi sanin titin ga?"

Haka na shiga ofishin 'yan sanda karo na farko a rayuwata. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar mai shiga zauren malam, dogon ya ce in mayar da su. Ciki ba abin da na zata. Tebur ne da benci, da randar ruwa, da buta, da rediyo tana magana ƙasa ƙasa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya tambayi kamannin Kawu da tufafinsa da idon da aka yi wa aiki. Sannan ya ce, "Mi ya hi so a duniya?"

Na yi tunani. "Albasa."

Wannan karon ya yi dariya sosai. "To ya zo garinta."

Ya ɗauki waya ya kira shingen gabas da na yamma. Ya yi Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa don in ji: duk motar da za ta fita a duba wani tsoho mai jan ido ɗaya, ba shi da kati, kada a tsorata shi, a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwa. Ya aika wa shugaban 'yan kabu-kabu da saƙo iri ɗaya. Sai ya nuna mini benci.

Zama ya gagare ni. Na ce, "Yallaɓai, bari in sake zagaya kasuwar."

"Kana gabas shina yamma, haka za ku yi ta yi har isha. Kasuwa ta kusa watsewa, kuma hanya guda ce, kowa ta nan zai bi." Ya dubi inuwar dogon yaro a ƙasa. "Kawun naka ya san zancen tuta?"

"Ban gaya masa ba."

"Madalla. Allah shi sa kar wani shi gaya mishi."

Ban gane nufinsa ba sai da ya fito da ni ya ce in hau bayan motarsu a-kori-kura da ke ajiye a bakin ƙofa. Daga can sama titin duka yana gabana, cike maƙil da masu komawa gida, da amalanke, da awaki, da babura. Wani ɗan sanda ya je gindin ƙarfe ya kama igiya. Dogon ya tsaya kusa da motar ya gyara hula. Aka busa usur.

Titin ya daskare tun daga kasuwa har kwanar asibiti. A cikin wannan taro duka, can nesa, farar hula ɗaya ce ke tafiya.

Yana tafe a tsakiyar titi ba gaggawa, da damin albasa ɗaure ta ganye a kafaɗa. Yana ratsa mutane yana leƙa fuskokinsu. Da ya matso na fara jin muryarsa, don ba wani sauti a garin sai ita. "Sannunku. Sannunku da tsayuwa. Lahiya dai?" Ba wanda ya amsa. Ya tsaya gaban wani mai kabu-kabu ya kaɗa masa hannu a fuska, mutumin ya cije leɓe kafaɗunsa suna rawa. Ƙafata ta ɗaga da kanta zan dira. Dogon, yana ƙame da hannu a goshi, ya yi magana ta gefen baki.

"In ka motsa, tsayuwa biyu gare ka."

Na tsaya. Hawaye yana zubo mini, dariya tana cina, ga Kawu ina gani ba halin in kira shi. Ya iso daidai bangon ofishin, ya lura kowa sama yake kallo, shi ma ya ɗaga kai. Tuta tana saukowa a hankali, hasken yamma yana ratsa ta. Nan ne ya tsaya, baki buɗe, har ta iso hannun mai igiya.

Aka busa usur na biyu. Na dira na kama hannunsa da hannu biyu.

"Yaro, kai kana motsi? Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na ce likitan ga ya gyara wani wuri ya ɓata wani. Ina ganin mutane tar, amma duk sun zama hoto."

"Kawu, ina ka shiga?"

Ashe amalanken albasa ya gani a kasuwa, albasa ja manya manya, ya bi mai ita har lambunan bayan gari. Can ya wuni yana gardama da manoma a kan faɗin fangali da yawan ban ruwa. Suka ba shi dami, suka ƙulla masa iri a bakin riga.

Dogon ya matso ya sara masa. "Baba, ka keta doka." Ya yi masa bayanin tuta kamar yadda ya yi mini da safe, har da zancen jaki.

Kawu ya dube shi daga hula har takalmi. "Ɗana, shekaru ina zaune wuri guda. Yau da Allah ya ba ni ido, ku ce in tsaya?"

"To hukuncinka zama ne. Zauna nan a ɗiga maka magani gabana."

Aka fito da benci. Dogon ya riƙe masa kai, ni na ɗiga, na ɗora masa tabarau. Bai bar mu haka ba, sai da ya taka da mu har ƙofar asibiti, ma'aikaciyar jinya ta haska idon ta ce ya ɗan yi ja amma ba abin da ya taɓa aikin. Ta yi wa Kawu faɗa, ya ce ta yi gaskiya, yana kallon ɗan kunnenta.

Kawu ya raba damin albasa biyu ya miƙa wa dogon rabi. Dogon ya ce ba ya karɓa, aikinsa ya yi. Kawu bai yi musu ba. Da safe a hanyar tasha ya ajiye rabin a teburin mai shayi, ya ce duk ranar da dogon ya zo cin ƙwai a yanka masa da yawa.

A hanyar dawowa ba wanda ya zungure ni. Kawu ne ke ba ni labarin abin da ke wucewa, kamar ni ne ban taɓa gani ba. Da muka sauka a tashar Talata Mafara, wani ɗan kamasho ya busa usur yana yi wa babbar mota jagorar ja da baya. Kawu ya ƙame a tsakiyar hanya, hannuwa a gefe. Na buɗe baki zan yi masa dariya, sai na ga ni ma a tsaye nake. Wani mai babur ya kewaye mu yana cewa, "Baba, dasa ku aka yi nan?"

Mun isa Bakura kafin magariba. Inna tana bakin zaure. Kawu ya zare tabarau ya daɗe yana dubanta.

"Ke ma kin tsuhwa," in ji shi.

"Na riga ka sani." Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta dubi hannuwanmu, ta dube ni. "Ka sake shi ko?"

Kafin in amsa Kawu ya kama hannuna ya sa a cikin nata.

"Ga ɗanki nan," ya ce. "Yadda kika ba ni shi. Sau guda ya ɓace min, wurin 'yan sanda na ishe shi."